Gwaggo a Bakin Zaure

Ni aka zaɓa in tsare zaure saboda duk danginmu ni ne bakina ba shi da linzami. Ba a faɗa mini haka ba. Cewa aka yi wai ni na yi boko, ni na ji bayanin likita da kunnena, don haka ni zan iya mayar wa mutane. Amma na san dangina. Aikin korar baƙi ne, kowa yana so a yi shi, ba wanda yake so a ce shi ya yi.

Marar lafiyar taubashina ne, ɗan yayar mahaifina, wadda muke kira Gwaggo. Shi ne ɗanta na fari, don haka tun daga yaye aka kawo shi gidanmu a Gaya wurin kakarmu, bai koma gidan ubansa a Ajingi ba sai da ya isa riƙe garma. Tabarma ɗaya muka jiƙa, bulala ɗaya ta tashe mu a makarantar allo. Ni ɗan namiji, shi ɗan mace, saboda haka a wasan taubasantaka bawana ne, ko da yake ya girme ni da shekara biyu. Bawa nake ce masa ko a gaban surukansa. Shi kuma ya ce mini Mai Alli, don ina koyarwa a firamare, kuma a ganinsa wanda bai iya kaftu ba bai iya komai ba.

Manomin gyaɗa da gero ne, kuma mutum ne na mutane har abin ya zama ciwo. In matarsa ta aike shi sayen gishiri da azahar, sai magariba za ta gan shi, ya gaisa da rabin gari, gishirin kuwa ya manta shi a shagon wani.

Da bazara ciwon ya fara. Gajiya, zazzaɓin da ba ya jin magani, dasashi yana jini ko aswaki ya taɓa. Aka ce shawara ce, aka ce taifot, aka sha jiƙe-jiƙe, aka sha rubutu. Ranar da ya yanke jiki ya faɗi a bakin gona na sa shi a bas muka tafi Kano. Bayan an ɗebi jini an sake ɗiba, har an huda ƙashin ƙugunsa, wata likita ta kira ni gefe ta ce kansar jini ce. Ni kansar da na sani ƙari ce, a gan ta, a taɓa ta. Na tambaye ta inda za a yanke. Ta ce babu wurin yankewa, a cikin ɓargo take, can inda ake ƙera jinin.

Ya yi makonni ana ɗura masa wani ruwan magani mai ƙarfi da suke kira kemo, ƙannensa suna jere suna ba da jini. Sai aka sallame mu na mako uku kafin a koma zagaye na biyu. Likitar ta zaunar da ni ta ce maganin ya kashe cutar, ya haɗa da sojojin jikinsa. Murar da ni zan yi kwana biyu in warke, shi tana iya kai shi kushewa. Ban da taro, ban da musabaha, ban da mai tari ko atishawa.

“Ni ma 'yar ƙauye ce, malam,” in ji ta. “Ba maganin ne zai ba ku wahala ba, dubiya ce.”

Ta san abin da take faɗa. Kafin mu sauke kaya a Ajingi, takalma sun cika ƙofar gida.

Na shimfiɗa tabarma a zaure, na ajiye buta da sabulu, na miƙe ƙafafuna daga bango zuwa bango. Yaran gidan aka mayar da su wurin kawunsu a bayan masallaci. Matarsa kaɗai ke shiga ɗakin, sai ni, ni ma daga bakin ƙofa, da takunkumi a fuska. Duk wanda ya yi sallama in amsa, in yi godiya, in ce likita ta hana, za a faɗa masa ka zo.

Wanda bai taɓa hana Bahaushe dubiya ba bai san rigima ba. Wani dattijo da ya taho a ƙafa daga Balan ya dogara sandarsa ya dube ni sama da ƙasa.

“Yaro, zumunta a ƙafa take. Tun kafin a haifi ubanka nake shiga gidan nan.”

“Allah ya ba da lada, Baba. Yau dai ƙafar ta tsaya a zaure.”

Liman ya zo da kansa ya tuna mini cewa duba marar lafiya haƙƙin Musulmi ne. Na ce haka ne, Allah ya gafarta malam, amma rigakafi ya fi magani, a yi masa addu'ar daga nan, ai Allah yana ji. Ya yi addu'ar, doguwa kuwa, amma da ya tashi bai ba ni hannu ba. Mata suka fi ba ni wuya. Kowacce da kwanon kunu ko fura, ta ce ita miƙawa kawai za ta yi ta fito. Wata maƙociya ta ɗage zanar da ta raba gidajensu ta sulalo ta baya, sai muryarta na ji a tsakar gida tana “sannu, ya jiki?” Washegari na sa ƙaya na toshe wurin. Cikin kwana uku gari ya sa mini suna Mai Gadi, kuma ba da ƙauna aka sa ba.

Ban taɓa rashin natsuwa irin ta kwanakin nan ba. Da safe ina aji a Gaya, jikina a gaban allo, hankalina a zaure, don ƙanensa da nake bar wa wurin mutum ne mai sanyi, ko tsohuwa ta harare shi sai ya janye ƙafa. Ana tashi in haye babur, ban tsayawa cin abinci. In na isa in tambayi wa ya shiga, a ce ba kowa, in ƙi yarda, in bi sawun takalma a tsakar gida. Kunnena ya koma na farautar tari. A masallaci in wani ya gyara murya a sahun baya, sai in ji wuyana yana son juyawa. In zauna, in tashi, in leƙa ɗaki, in dawo, in sake wanke hannun da ban taɓa komai da shi ba.

Shi kuwa yana kwance, gashi ya zube, kai ya yi tal kamar bayan ƙwarya. Kullum tambayarsa ɗaya ce: “Wa ya zo yau?” In jero masa. Ashe ba ya buƙatar jerin, daga ɗakin yake gane kowa da sallamarsa. In na tsallake wani sai ya ce, “Mai fawa fa? Na ji muryarsa da hantsi.”

Wata rana ya ce, “Mai Alli, tsakanin kai da cutar nan ban san wanda zai riga kashe ni ba.”

“Ba ka isa ba, Bawa. In ka tafi wa zai yi mini noma?”

Ya yi dariya har ya riƙe ciki. Muddin yana zagina, na san akwai sauran ƙarfi.

Mutum ɗaya ce bai taɓa tambaya ba, ita ce Gwaggo. Mu a wurinmu wannan ba abin mamaki ba ne. Gwaggo irin matan da ne masu kunyar ɗan fari. Tunda ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba. “Yaron nan” take cewa, ko “na gidanku”. Akwai wani mai sayar da manja da suke suna ɗaya, shi ma ya rasa sunansa a bakinta, sai dai “mai manjan nan”. Ranar aurensa can ƙuryar ɗaki ta zauna kamar maƙociyar da aka gayyata. Shi ma Gwaggo yake ce mata, yadda ya ji muna faɗa, kuma in sun haɗu gaisuwarsu ba ta wuce ta mutanen da suka haɗu a mota. Tun rasuwar mijinta take zaune a Kademi wurin autanta. Duk zamanmu a Kano ba ta taɓa karɓar waya ba. Autan ne yake ce mini kullum sai ta zagayo ta gefe ta ce, “Mutanen Kano sun yi magana kuwa?”

A kwana na tara ta zo, ranar kasuwa, tsakanin azahar da la'asar. Na ga babur ya tsaya, wata tsohuwa ta sauko a hankali da ƙulli a ka. Kafin sallamarta ta iso ni, tarinta ya iso. Tari ne mai nauyi, daga can cikin ƙirji, har sai da ta dafa bango.

Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa tana kallon ƙofar da ke shiga cikin gida, ba ni ba.

“Cewa na yi bari in leƙo jikokin nan,” in ji ta. “Na kwana biyu ban gan su ba.”

Na san ba jikoki suka taso da ita daga Kademi ba. Matar da gwiwa ta hana zuwa biki a maƙota ba za ta hau babur har Ajingi don yaran da ta gani da Sallah ba. Na kuma san abu na biyu: ko za a yanka ta, ba za ta buɗe baki ta ce ɗanta ta zo gani ba. Dattijon Balan ya yi mini gardama, liman ya kawo hujja, maƙociya ta ɗage zana. Gwaggo ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Sai na kama maganarta na rufe mata ƙofa da ita.

“Ai yaran suna gidan kawunsu, Gwaggo, a bayan masallaci. Bari in raka ki.”

Ba ƙarya na yi ba, shi ya sa abin ya fi muni. Ta juyo ta dube ni. Ita ta yi wa mahaifiyata wankan jego da aka haife ni, wato tun ina tsumma ta san ni, kuma na ga ta gane abin da na yi sarai.

“To,” in ji ta. Can ta ce, “Mutanen gidan suna lafiya?”

“Da sauƙi, Gwaggo.”

“To madalla.”

Ta sauke ƙullin, busasshen zogale ne da kuka da ɗan daddawa, ta ce a ba matar gidan. Ta ce ba sai na raka ta ba, ta san hanya. Aka ce ta ɗan zauna wurin yaran, ko ruwa ba ta sha ba, ta juya Kademi tun rana ba ta faɗi ba.

Da na so, da na ba ta takunkumi ta tsaya a tsakar gida su ga juna ta taga. Tunanin ya zo mini tana tsaye a gabana, ba daga baya ba. Tsoro ne ya hana ni. Na ce in ta wuce zaure ba zan iya tsayar da ita ba, in kuma gari ya ji an bar mai tari ta shiga, gobe ba wanda zan iya hanawa. Na ji kunya, na ji haushin kaina, kuma a lokaci guda ina gaya wa kaina daidai na yi.

Da na leƙa ɗakin, ya juya fuska bango. Bai ce wa ya zo yau ba. Ni na fara jerowa da kaina, na tsallake ta. Ya bar ni na gama.

“Tarin nan nata bai sake ta ba ke nan,” in ji shi. “Duk ƙarshen damina sai ta yi shi, tun ina yaro.”

Na juya zan koma zaure.

“Malam, in ka sami mai zuwa Kademi, a kai mata magani.”

Malam. Tunda muka fara magana a duniya bai taɓa ce mini malam ba. Na ce, “Bawa, kai ma ka san abin da likita ta ce.” Ya ce ya sani, Allah ya saka da alheri. Na gwammace ya zage ni.

Daga ranar zaure ya ƙi zaunuwa. Sau biyu ina ɗaukar babur daga Gaya in kama hanyar Kademi, in yi nisa, in tsaya a gindin wata tsamiya, in juyo. Me zan ce mata? In ce ta zo, tarin yana nan. In ce ta yi haƙuri, za ta ce haƙurin me, ai ta ga jikokinta. Sai na ɗora komai a kan zagaye na biyu. Na ce in ya warke ni da kaina zan goya shi har ɗakinta, su zauna su yi ta gaisuwar baƙi har su gaji.

A kwana na goma sha shida zazzaɓi ya rufe shi. Ba wanda ya shiga, na rantse ba wanda ya shiga. Muka kwashe shi sai Kano, ina ta lissafo wa likitar duk wanda ya taka ƙofar gidan, kamar mai kare kansa a gaban alƙali. Ta ce in kwantar da hankalina, wani lokaci daga jikin mutum kansa ƙwayar cutar take tasowa. Suka shawo kan zazzaɓin. Aka yi zagaye na biyu. Muna can aka yanke gero, muna can 'yan unguwa suka yi gayya suka cire masa gyaɗa, mutanen nan da na kora ɗaya bayan ɗaya.

Sai wata safiya likitar ta sake kira na gefe, gefen nan dai na farko. Ta ce cutar ta dawo, kuma ta fi ƙarfin maganin da suke da shi. Za su ba mu abin rage zafi, mu kai shi gida. Na tsaya ina kallon takardar da ke hannunta. Duk tambayar duniya, wadda ta fito daga bakina ita ce, “Dubiya fa?”

Ta ce, “Ku buɗe ƙofa, malam.”

Washegari da sassafe na wuce tsamiyar nan ban ko kalle ta ba. Na sami Gwaggo a tsakar gida, ta miƙe ƙafa a gaban tulin harawa tana tsinkar gyaɗa tana jefawa a kwando. Na gaishe ta, ta amsa, hannunta bai tsaya ba.

“Gwaggo, na zo ɗaukar ki.”

“Zuwa ina?”

“Ajingi.”

“Yaran lafiya dai?”

“Ba wurin yara ba. Wurin ɗanki.”

Ban taɓa jin wani ya faɗa mata wannan kalmar a fuska ba. Hannunta ya tsaya. Sai ta ci gaba da tsinka har ta gama damin da ke cinyarta, ta kakkaɓe zane, ta shiga ɗaki ta ɗauko mayafi. A kan babur ƙarfen baya ta riƙe, ba ta taɓa ni ba. A hanya na ji tarin nan nata ya yi sauƙi.

Labari ya riga mu isa. Takalma sun cika ƙofar gida kamar ranar farko, tabarmata an naɗe ta an jingine a lungu. Gwaggo ta shiga zaure ta tsaya daidai inda ta tsaya wancan karon.

“Mai Gadi,” in ji ta, “yau an buɗe?”

Ni da aka zaɓa saboda baki, sai na matsa gefe. Na sunkuyar da kai, ta wuce.

Mutanen da ke ɗakin suka fito suka ba ta wuri. Na tsaya a bakin ƙofa, inda na saba. Yana kwance ido a rufe, ya zama rabin mutumin da na sani. Ta zauna can nesa da gadon, kusa da ƙofa, ta dubi matarsa, ba shi ba.

“Ya mai jikin ya kwana?”

“Da sauƙi, Gwaggo.”

Na ce a raina shi ke nan, haka za a yi, ta gaishe shi ta bakin wani ta tashi. Ta daɗe a zaune tana murza gefen mayafinta. Sai ta dafa ƙasa ta miƙe, ta taka zuwa gadon, ta ɗora hannu a kan nan nasa da ba gashi. Ta kira sunansa. Sunansa na yanka, cikakke.

Ya buɗe ido. Bai dube ta ba. Ya dubi matarsa, ya dubi ƙofa inda nake, yana neman wanda ya kira shi. Mutumin da yake gane rabin gari da sallama daga cikin ɗaki, bai gane wannan ba, don shekara arba'in da bakwai bai taɓa jin sunansa a wannan muryar ba.

Ta sake kira.

Ya ɗago ido ya dube ta. “Na'am,” in ji shi.

Na bar ƙofar na koma zaure na zauna a ƙasa, na yi kuka irin wanda rabona da shi tun rasuwar kakarmu. Wani ya yi sallama, na janye ƙafata ya wuce.

Kwana goma sha biyu ya yi bayan nan. Gari duk ya shiga ya fita, dattijon Balan sau biyu. Gwaggo ba ta bar gefen gadon ba, ita ke ba shi kunu a cokali, kuma sunan nan da ta ɓoye shekara da shekaru ta yi ta kiransa ko ba dalili, kamar mai tsoron kada ya ƙare ba ta gama amfani da shi ba. Ana jibi zai rasu ya ce mini, “Mai Alli, gyaɗar nan kada ka taɓa ta, ba ka iya ba.” Na ce, “To, Bawa.” Iyakar yafiyar da muka yi ke nan, kuma ta ishe ni.

Ta Gwaggo ce ban sani ba. Da na bar ta ta wuce ranar kasuwar nan, da wata biyu suka samu, ba kwana goma sha biyu ba. Ba ta taɓa tayar da maganar ba. Sai dai tun ranar da aka kai shi makwancinsa, ba ta sake kiran sunana ba, ita da ta fi kowa iya rangaɗa shi tun daga ƙofar gida. In na je, sai in ji tana ce wa autanta, “Yaron nan ya zo, a kawo masa ruwa.” Ko fushi ne, ko gurbinsa ta ba ni, ban sani ba. Duk Juma'a ina zuwa Kademi in gaishe ta, kuma har yau ban tambaya ba.